Ɗigon baki da allurar cinya: me ya sa yaro yake buƙatar duka biyun?

Wani malamin makaranta ya aiko mini da tambaya, kuma na san ba shi kaɗai take ci wa tuwo a ƙwarya ba. Ya ce ɗansa mai shekara biyu ya kammala rigakafinsa a asibiti, katinsa a cike yake, har allurar shan inna ta cinya an yi masa. Amma duk bayan 'yan watanni sai masu ɗigo su yi sallama a ƙofar gida, su ce za su sake ɗiga masa. Ya ce: in allurar tana aiki, mene ne amfanin ɗigon? In kuma ɗigon ne mai aikin, me ya sa sau uku ko huɗu ba ya isa?

Malam, sannu da ƙoƙari, domin cika katin yaro ba ƙaramin aiki ba ne. Amsar a dunƙule ita ce, allurar da ɗigon ba ƙofa ɗaya suke gadi ba. Allurar tana tsare jinin yaro, ɗigon yana tsare hanjinsa. Allurar tana hana ɗanka shanyewa, ɗigon kuma, bayan wannan, yana hana shi zama wanda zai kai cutar gidan maƙwabci. Amma in na tsaya a nan ban yi maka adalci ba, don batun yawan maimaitawar shi ya fi wuyar amsawa, kuma akwai abin da ya kamata a gaya maka a kansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Sa harshenka ka taɓa cikin kumatunka. Wannan lallausar fata mai danshi da ka ji, ba a baki ta tsaya ba. Ita ce ta shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro, ta gangara huhu, ta bi hanji daga farkonsa har ƙarshensa, ta rufe cikin ido da mafitsara da al'aura. Zan riƙa kiranta fatar ciki. Fatar waje ta babban mutum, da za a shimfiɗa ta, ba za ta wuce murabba'in mita 2 ba. Ta hanji kuwa, saboda lanƙwasa da 'yan tsiro-tsiron da ke jikinta, ta kai wajen murabba'in mita 30, wato faɗin ɗaki biyu da wani abu. Kuma a hanji kaurinta layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta. Dole ta zama siririya haka, don ta jikinta abinci yake ratsawa ya shiga jini. Shi ya sa galibin cututtukan da muke fama da su ta nan suke shigowa. Ƙyanda da tarin fuka da mura ta numfashi suke bi, kwalara da taifot da shan inna ta baki, ƙanjamau kuma galibi ta al'aura. Masu huda fatar waje su shiga, irin zazzaɓin cizon sauro, su ne 'yan tsiraru.

Allah bai bar wannan fili ba tsaro ba. Akwai majina da yauƙin da ke maƙale ƙwayoyin cuta, akwai tsamin ruwan tumbi da ke kashe da yawansu. Bayan waɗannan akwai garkuwa ta musamman, wadda ta bambanta da ta jini. Duk wanda ya taɓa wanke hanjin rago da Babbar Sallah, in ya ɗaga ƙaramin hanjin ya duba a haske, zai iya lura da wasu wurare masu ɗan kauri a bangonsa. Mu ma muna da irinsu. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Conrad Peyer, shi ya bayyana su a 1677, har yau da sunansa ake kiransu. Irinsu ne 'yan ƙullutun nan biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, waɗanda suke kumbura in yaro yana ciwon wuya. Waɗannan wurare makarantu ne. A samansu akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne su riƙa tsintar ɗan abin da ke wucewa cikin hanji, su miƙa shi ciki a duba. In aka ga baƙo ne mai haɗari, sai a horar da fararen ƙwayoyin jini a kansa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk wannan ilimi shi ne abin da ke faruwa bayan horon. Ƙwayoyin da aka horar a hanji ba sa zama nan take. Sukan fita su shiga jini su zaga jiki, sannan su dawo bangon hanji su yada zango, domin tun a makarantar an buga musu wata alama a jiki da ke nuna inda za su koma, kamar adireshi a bayan wasiƙa. Ana buƙatar sinadarin bitamin A wajen buga wannan alama, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa muke damuwa da ƙarancinsa a jikin yara. Allurar da aka yi a cinya kuwa, a wata makarantar daban ake karanta ta, wato kaluluwar matsematsi. Ɗaliban wannan makaranta ba a buga musu adireshin hanji. Suna samar da sinadarin garkuwa da ake kira IgG, wanda yake yawo cikin jini, kuma yana da ƙarfi ƙwarai a can. Ɗaliban hanji su kuma IgA suke samarwa. Shi IgA bibbiyu ake ɗaure shi, a ratsa da shi ta cikin fatar a fitar da shi cikin yauƙin hanji, sanye da wata riga da ke hana ruwan narkar da abinci cinye shi. Babban mutum yana fitar da giram 3 zuwa 5 nasa a kullum, fiye da duk sauran sinadaran garkuwa in an haɗa su. Ba faɗa yake yi da hayaniya ba. Yakan manne wa ƙwayar cuta ne ya toshe mata hannuwan da take kama bangon hanji da su, sai ta wuce ta fita da bayan gida ba tare da kumburi ko zazzaɓi ba.

To yanzu dubi hanyar ƙwayar shan inna. Ta baki take shiga, cikin ruwa ko abinci ko hannun da ya taɓa kashi. Takan hayayyafa a maƙogwaro da hanji, yaro ya yi makonni yana fitar da ita a bayan gidansa. Mafi yawan yaran da suka kamu ba sa nuna alamar komai. A wasu kaɗan takan tsallaka jini, daga nan ta kai ga lakar ƙashin baya ta lalata jijiyoyin da ke motsa ƙafa ko hannu. Kusan yaro 1 cikin 200 da suka kamu ne yake shanyewa. Ma'ana duk yaron da ka gani ya shanye, akwai wasu kusan 200 a bayansa da suke wasa lafiya lau suna yaɗa ta.

Masana biyu a Amurka suka tunkari wannan cuta ta hanya biyu. Jonas Salk ya kashe ƙwayar da sinadari ya mayar da ita allura, aka sanar da nasararsa a Afrilun 1955. Albert Sabin ya raunana ta ne ya bar ta da rai, yadda za ta iya zama a hanji amma ta kasa kama jijiya. An gwada nasa a kan miliyoyin mutane a Tarayyar Sobiyet daga 1959, kafin Amurka ta karɓe shi a farkon shekarun 1960. A 1968 wani likitan yara, Pearay Ogra, da abokan aikinsa suka auna abin da kowanne yake haifarwa. Duka biyun sun cika jini da garkuwa, amma IgA na hanci da hanji sai a jikin yaran da aka ɗiga wa.

Ƙasar Isra'ila ta ga wannan bambanci a aikace. Tun 2005 ta daina ɗigo ta koma allura zalla, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na yaranta suna samun allurar. A 2013 masu ɗibar ruwan masai don gwaji suka gano ƙwayar shan inna ta daji, wato ta asali wadda ba daga maganin ɗigo ta fito ba, a garin Rahat da ke kudancin ƙasar, daga baya aka gan ta a wasu garuruwa da dama. Ta yi watanni tana yawo daga hanji zuwa hanji. Ko yaro ɗaya bai shanye ba, don allura ta tsare jininsu, amma ba ta hana su ɗauka da yaɗawa ba. Sai da hukumomi suka dawo da ɗigo, suka bi yara 'yan ƙasa da shekara 10, sannan ƙwayar ta ɓace daga ruwan masan. Mu ma mun ga yadda take tafiya a ɓoye. Bayan da aka dakatar da ɗigo a wasu jihohin Arewa a 2003, Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, ƙwayar da ta tashi daga nan ta isa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya. Ba guragu ne suka kai ta ba, masu lafiya ne da take cikin hanjinsu.

Sai batun maimaitawa. A ƙasashen Turai da Amurka ɗigo uku yakan kare sama da yara 95 cikin 100. A wurinmu ba haka ba ne, kuma tun shekarun 1970 wani likita a garin Vellore na Indiya, T. Jacob John, ya fara nuna cewa ɗigo ba ya kamawa sosai a jikin yaran ƙasashe masu zafi da cunkoso. Wani nazari kan yaran Najeriya da aka buga a 2008 ya ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya na tsohon maganin, mai haɗe da nau'i uku na ƙwayar, yana kare yara kusan 16 ne kacal cikin 100 daga nau'i na 1. Kai malami ne, yi lissafin da kanka. In kowane zagaye yana kare 16 cikin 100 na waɗanda suka rage, bayan zagaye uku kusan 59 ba su samu kariya ba. Bayan zagaye goma ma akwai sauran kusan 17. Shi ya sa aka riƙa samun yaran da aka ɗiga wa sau huɗu ko biyar kuma suka shanye, iyaye suka ce maganin banza ne. Ba banza ba ne, bai kama ba ne. Da aka raba nau'o'in aka yi mai nau'i ɗaya, wannan nazarin ya nuna kariyar ɗigo ɗaya ta haura zuwa kusan 67 cikin 100, don a haɗe nau'i na 2 yakan danne sauran biyun a hanji.

Me ke hana shi kamawa? Ɗigon ƙwaya ce mai rai, sai ta samu wurin zama ta hayayyafa kafin jiki ya karance ta. Hanjin yaronmu kuwa a cike yake da wasu baƙin. In akwai wata ƙwayar da ta riga ta kama wurin, ta maganin ba ta samun masauki. In yaro yana gudawa, sai ta wuce kafin ta zauna. Akwai kuma wani lahani da ba a gani da ido, wanda yake samun yaran da suka tashi cikin ƙazantar ruwa da ƙasa: 'yan tsiro-tsiron hanjin sukan daƙushe su gajarce, bangon ya zauna cikin kumburi na dindindin, ko da yaron ba ya zawo. Irin wannan hanji ba ya tsotsar abinci da kyau, ba ya kuma karɓar darasi da kyau. Ƙara da tamowa, ƙara da cewa garkuwar hanji takan yi sanyi bayan wani lokaci ko da ta kama. Babu wata hanya mai sauƙi da mai ɗigo zai tsaya a ƙofar gidanka ya gane ko na ɗanka ya kama ko bai kama ba, saboda haka ake ɗiga wa kowa a kowane zagaye. Ƙarin ɗigo ba ya cutar da yaron da nasa ya riga ya kama, IgA ɗinsa ne zai tare ƙwayar maganin ya fitar da ita.

Ba shan inna kaɗai ke da wannan matsala ba. Rigakafin ƙwayar rota, wadda take jawo mummunar gudawa ga jarirai, shi ma ta baki ake ba da shi, kuma Najeriya ta sa shi cikin jadawalinta a 2022. A ƙasashe masu arziki yana hana gudawa mai tsanani da kashi 85 zuwa sama. A gwajin da aka yi a Malawi kusan kashi 49 aka samu. A Madarumfa ta jihar Maraɗi an gwada wani nau'insa mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,000, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna kusan kashi 67. Kada wannan ya sa ka raina shi. Inda gudawa take kashe yara da yawa, kashi 60 yana ceton rayuka fiye da kashi 95 a inda ba ta cika kisa ba. Amma ni a ganina wannan giɓi shi ne babban aikin da ke gaban masu binciken rigakafi, kuma rabin maganinsa ba a ɗakin gwaji yake ba, yana wurin ruwan sha mai tsabta da masai.

Yanzu ga abin da na ce ba zan ɓoye maka ba. Tunda ƙwayar ɗigo tana da rai, yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ita a bayan gida na wasu makonni. Wannan yana da amfani, don takan kai ga yaran da ba a ɗiga wa ba ta ba su kariya. Amma in unguwa ta cika da yaran da ba su da rigakafi, sai ta yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan har shekara guda ko fiye, a hankali tana sauya kama, har ta dawo da ƙarfin shanye ƙafa. Wannan ya faru a Arewa tun daga 2005, musamman da nau'i na 2. Ƙwayar daji dai an gama da ita a nan: nau'i na 3 a Yobe aka gan shi na ƙarshe a duniya a Nuwamban 2012, nau'i na 1 kuma a Borno a 2016, aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita ranar 25 ga Agustan 2020. Wadda ake bi gida-gida dominta a yau ita ce wannan mai sauya kamar. Na san yadda wannan magana take sauka a kunnen uba: wato maganin ne ya haifar da cutar? Asalinta daga maganin ne, gaskiya ne. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ta iya yin wannan doguwar tafiya a unguwar da kusan kowane yaro hanjinsa a rufe yake, kuma waɗanda take shanyewa galibi su ne waɗanda ba a yi musu rigakafi ba ko ba su kammala ba. An kuma ƙera sabon ɗigo na nau'i na 2 da aka gyara ƙwayarsa don ta yi wuyar komawa mai lahani, Najeriya tana cikin ƙasashen farko da suka fara amfani da shi a Maris 2021. Akwai wani haɗari dabam mai wuyar aukuwa, ƙasa da sau ɗaya cikin ɗigo miliyan, inda ƙwayar maganin take shanye yaron da aka ɗiga wa kansa. Allurar cinya tana toshe wannan hanya, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka shigo da ita jadawalinmu a 2015.

Akwai wani abin da aka gano a Indiya, aka buga a 2014, wanda ya sasanta tsohuwar gardamar Salk da Sabin kan wanda ya fi tsakanin allura da ɗigo. Yaron da aka taɓa ɗiga wa, in aka yi masa allura daga baya, garkuwar hanjinsa takan farfaɗo sosai, har fiye da in ƙarin ɗigo aka ba shi. Wato allura ba ta iya buɗe makarantar hanji da kanta, amma tana iya tashin ɗaliban da suka riga suka yi karatu a can. Ɗanka da ya samu duka biyun ya fi wanda ya samu ɗaya kariya nesa ba kusa ba.

Wannan darasi ne masu ƙera rigakafi suke ƙoƙarin kaiwa ga sauran cututtuka. Lokacin korona kowa ya ga yadda alluran suka rage mutuwa da kwanciya asibiti, amma mutane suka ci gaba da kamuwa suna yaɗawa, domin ƙwayar a hanci take sauka, garkuwar kuma tana cikin jini. A 2022 Indiya ta amince da wani da ake ɗigawa a hanci, Sin kuma da wani da ake shaƙa ta baki. A shekarar ne kuma masana a Jami'ar Oxford suka gwada fesa nasu a hanci, sakamakon bai yi armashi ba. Na mura da ake fesawa a hanci ya fi daɗewa: Amurka ta amince da shi a 2003, Ingila tana ba yara tun 2013. Na kwalara na sha ne, an ba dubban ɗaruruwan mutane a Borno lokacin ɓarkewar 2017. Amma in ka ƙirga duk rigakafin da ake bayarwa ta baki ko ta hanci, ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da na allura.

Dalilin yana cikin halittar hanjin kansa. Kullum tuwo da miya da fura suna wucewa ta cikinsa, ga tiriliyoyin ƙwayoyi masu amfani da suke zaune a ciki. Da zai ɗauki kowane baƙo abokin gaba, da ba mu iya cin komai ba. Saboda haka ɗabi'arsa ta asali haƙuri ce da kawar da kai. In ka ba shi mataccen sinadari ta baki, sau da yawa abinci zai ɗauke shi, ko ma ya koya wa jiki kada ya kula shi. Sai an haɗa da abin da zai zaburar da shi, kuma samun mai zaburarwa marar lahani yana da wuya. A Suwizalan an fitar da wani rigakafin mura na hanci a 2000, an haɗa shi da wani dafin ƙwayar cuta don ya zaburar da garkuwa. Aka fara samun mutane suna shanyewar ɓarin fuska, aka janye shi a 2001. Hanci yana kusa da jijiyoyin fuska da na ƙwaƙwalwa, ba wurin ganganci ba ne. Ga kuma wahalar aunawa. Garkuwar jini da sirinji ɗaya ake aunata, amma ta majina da ta hanji tana sauyawa da yawan ruwan da aka ɗebo. A shan inna dabarar da ake yi ita ce a ɗiga wa yaro maganin da gangan, sannan a riƙa duba bayan gidansa: in ƙwayar ba ta fito ba, hanjin ya rufe.

Kada kuma a ɗauka duk allura ba ta kai wa fatar ciki. Wani ɓangare na IgG yakan tsattsafo daga jini zuwa maƙogwaro da huhu da bakin mahaifa. Allurar sanƙarau nau'in A, da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta zo Najeriya a 2011, ta nuna haka. A Chadi an auna an ga masu ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro sun ragu da kusan kashi 98 bayan allurar, shi ya sa har waɗanda ba a yi wa ba suka samu sauƙi. Allurar kansar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata a Najeriya a 2023 ita ma ta wannan hanya take aiki. Hanji ne dai ya fi taurin kai, don IgG ba ya daɗewa a cikinsa. Masu kiwon kaji sun riga mu sanin wannan a aikace: rigakafin kaji na Lasota da na Gumboro a ruwan sha suke zuba su, bayan sun ɗan hana kajin ruwa don su sha da ƙishi, saboda ta baki da hanci cututtukan suke shiga.

Akwai rigakafin hanji da ya girmi duk waɗannan, kuma yana cikin gidanka. Wasu daga cikin ƙwayoyin da aka horar a hanjin uwa, in tana da ciki ko tana shayarwa, nono suke nufa su zauna su riƙa zuba IgA a ciki. Ma'ana nonon uwa yana ɗauke da kariya daga ainihin ƙwayoyin da ke cikin gidan da jaririn zai tashi. Inda ya fi yawa kuwa shi ne dakashi, wannan nonon farko mai kauri da ruwan ɗorawa. Na sha tsayawa a ɗakin haihuwa ina roƙon kaka kada ta matse shi ta zubar, tana ce mini ai bai da kyau, sai an wanke nono tukuna, ga jariri a gefe ana shirin ba shi ruwa da cokali. Jariri yana zuwa duniya ne hanjinsa bai fara yin IgA nasa ba, dakashin nan shi ne shafen farko da ke rufe masa bango. Shayarwa ba ta hana a ɗiga wa yaro, kuma ba sai an jinkirta ba shi nono ba.

Saboda haka, Malam, in sun zo ka fito da shi. Kana da haƙƙin ka ce a nuna maka kwalbar. A jikin takardarta akwai da'ira mai ɗan murabba'i a tsakiya: in murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai lalata maganin ba, in ya yi duhu kamarta ko ya fi ta, kada a ɗiga. Ɗigo biyu ne, in ya tofar a sake, sannan a shafa masa alama a ƙaramin yatsa. In yana gudawa a ranar, a ɗiga masa duk da haka, amma ka tabbata ya samu na zagaye na gaba. Yaron da likita ya tabbatar an haife shi da raunin garkuwar jiki, ko yake shan maganin kansa, shi ne ba a ɗiga wa, sai ka gaya musu. Ɗigon gida-gida kuma ba ya maye gurbin zuwa asibiti, ƙannensa ma a kai su a cika musu kati, a karɓi bitamin A in ana rabawa. In kuma ka ga wani yaro ɗan ƙasa da shekara 15, a makarantarku ko a unguwa, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ka sa a kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Ana so a ɗebi bayan gidansa sau biyu, da tazarar kwana ɗaya, cikin kwana 14 da fara ciwon, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri cikin ƙanƙara.